Ta'aziyyar Yayanmu, Mai Awon Mayen Ƙarfe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ɗaukaka sama Ya kafa sikeli, Ya sanya wa kowane abu gwargwadonsa, har numfashin bawa Ya ƙayyade masa iyaka. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya cika mudu ya bi sawunsu har ranar da za a auna ayyuka.

Bayan haka, yayanmu, babban ɗan mahaifinmu, ya riga mu gidan gaskiya a cikin watan Shawwal na bana. Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Mu uku mahaifiyarmu ta bari: shi, sai ni, sai ƙanwarmu auta. Yanzu saura biyu.

Na zauna makokin mutane da yawa a Birni da Zango na Damagaram, amma ban taɓa ganin taro mai launi iri-iri kamar nasa ba. Masu lambu sun zo daga garin Gidimuni da taɓon tafki a dugadugansu, domin shi ke naɗa musu wayar injin ban ruwa idan ta ƙone. Tsofaffin ɗalibansa na lise, wato sakandare, sun zo, wasunsu furfura ta fara cin gemunsu. Ɗaya daga cikinsu ya riƙe hannuna yana dariya yana share ido, ya ce, "Malam, ya taɓa hana ni maki gaba ɗaya. Lissafina daidai, lambata daidai, laifina kawai ban rubuta ko lambar ta mece ce ba. Na yi fushi a lokacin. Yau ni ma haka nake yi wa nawa ɗaliban." Wata tsohuwar Babarbariya, maƙwabciyarsa, ta tsaya daga bakin zaure ta ɗaga murya ta ce, "To ni yanzu wa zai gyara mini rediyo ya haɗa mini da faɗa?" Mutane suka yi murmushi, suka ce Allah Ya jiƙansa.

Sai dai na lura idanun jama'a suna komawa kusurwa guda. A can mijin ƙanwarmu yake zaune, a cikin zauren mamacin, yana karɓar gaisuwa tare da mu. Unguwa duka ta san ya yi rantsuwa shekaru da suka wuce cewa ƙafarsa ba za ta ƙara taka wannan zaure ba. Na ji wani dattijo a bayana yana raɗa wa na kusa da shi, "Ya shigo da ran mamacin kuwa, ko sai da gawa ta shigo da shi?" Ban amsa ba, domin tabarmar makoki ba wurin warware zance ba ce. Amma tambayar ta cancanci amsa, kuma ba za a fahimci amsar ba sai an san wane ne yayanmu.

Mahaifinmu ma'aunin hatsi ne a kasuwa. Idan mai saye ya ce, "Ba ni goma," sai ya ɗago kai ya ce, "Goma da wane kwano? Tiyar Damagaram daban, ta ƙauye daban, mudun Kano daban." A gindin wannan tulin gero muka tashi. Da aka zo ɗibar yara zuwa lekol, makarantar boko, aka ɗauki Yaya, ni aka bar ni ga allo. Mahaifinmu ya yi baƙin ciki, yana ganin ya rasa ɗa guda. Bai san cewa wanda aka ɗauka shi ne zai gaji sana'arsa ba, sai dai abin awon ne ya sauya. Yaya ya karanci aikin lantarki, ya yi aikin injuna, daga baya ya koyar a lise har ya ajiye aiki.

Tambayar mahaifinmu ba ta bar bakinsa ba, ya dai taƙaita ta. Duk wanda ya ambaci lamba a gabansa, sai ya ce, "Na me?" Jikarsa ta sheƙo ta ce, "Kaka, na ci goma!" Ya ce, "Goma na me? Bisa goma ko bisa ashirin?" Matarsa ta ce a sayo mata biyu, ya ce, "Biyu na me, Hajiya?" Ta ce, "Biyu na abin da kake ci kullum kana lashe hannu." Har yaran unguwa suka laƙaba masa Baba Na-me, yana ji yana amsawa.

Ni Goni yake kirana, rabi girmamawa rabi tsokana. Bayan la'asar nakan je zaurensa, ni da littafina, shi da tarkacen wayoyinsa. Yana da wani ɗan akwati mai siririn harshe a bakin waya, wanda yake ɗorawa a kan maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, lamba ta fito. Wata rana ya ce mini, "Goni, matso ka ga irin taku matsalar a wurina. Ƙarfin wannan maye ɗaya ne, yadda Allah Ya yi shi. Amma littattafan da muka karanta da Faransanci da tesla suke auna shi, kayan da ake kawo mana daga Kano kuwa galibi gaus ake rubutawa a jikinsu. Tesla guda gaus dubu goma ce. Da yake tesla ta cika girma, sai a raba ta gida dubu, a kira kowane kashi militesla, kowace militesla kuma gaus goma ce. Ka ga mu nan karatunmu daga yamma ya zo, kayan aikinmu daga kudu. Wanda bai iya mai da wannan kwano cikin wancan ba, wata rana zai yi ɓarna yana tsammanin gyara yake."

Na ce, "Ai wannan shi ne aikina duk ƙarshen azumi, lokacin zakkar fid da kai. Fikihu ya ce sa'i, sa'i mudu huɗu ne da mudun Annabi, mai tsira da aminci, mutane kuwa tiya suka sani. Sai na zauna ina mayar musu."

Ya ce, "To ashe duk 'ya'yan ma'auni ne mu. Tsoho bai yi asara ba."

Akwai wasu ma'aunai biyu da yake fama da su idan masu lambu suka kawo inji. Ya bayyana mini cewa awon ƙoƙarin da naɗin waya yake yi daban, awon abin da ƙarfe ya karɓa daga wannan ƙoƙari daban. Tesla da gaus na abin da aka karɓa ne. Ƙoƙarin kuwa, tsofaffin littattafai da ersted suke faɗinsa, sababbi da amper a kowace mita, kuma ersted guda ya kusa amper tamanin a mita. Idan ɗalibi ya ce tamanin cif, sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ya kusa. Kada ka cinye kusan." Ya nuna mini naɗi guda, aka zura masa ƙarfe ya zama maye mai ƙarfi, aka zura masa itace bai ɗauki komai ba. Na ce, "Haka wa'azi yake. Murya ɗaya, zukata daban." Ya ce, "Kai komai sai ka mai da shi wa'azi." Na ce, "Kai kuma komai sai ka mai da shi lissafi." A haka magariba takan same mu.

Yanzu ga abin da ya shiga tsakaninsa da mijin ƙanwarmu. Surukin namu mutumin kirki ne, ɗan kasuwa mai hannun kyauta, amma mai saurin zuciya, kuma mutuncinsa a idon jama'a ya fi masa komai. Yana da injin niƙa a bakin unguwa, rabin gidajen wurin a can suke kai geronsu da dawarsu. A mafitar garin akwai mayen ƙarfe, aikinsa ya kama guntun ƙusa da waya da ke biyo hatsi daga masussuka, da kuma ƙurar ƙarfe da farantan injin ke zubarwa idan an wasa su. Wata shekara, gab da azumi, tsohon mayen ya tsage. A jikin injin an buga cewa ana bukatar mai ƙarfin militesla ɗari uku. Surukinmu ya tafi Kano da wannan lamba a ka, ya ga wani an rubuta masa dubu, ya ce a ransa dubu ai ta ninka ɗari uku har da saura. Ya sayo, ya ɗaura, yana alfahari ya samo wanda ya fi abin da aka nema.

Yaya ya biya ta wurin da hantsi, mata sun yi layi da ƙorai, ana shirin garin kunun azumi. Surukin ya tare shi da fara'a ya ce, "Yaya, zo ka ga abin da na samo. Ɗari uku suka ce, ni dubu na sa."

Yaya ya ce, "Dubu na me?"

Ya sunkuya ya duba, ya ga gaus ce. Ya miƙe ya ce, "Alhaji, dubun gaus militesla ɗari ce. Sulusin abin da ake so ke nan. Kashe injin."

Surukin ya ce, "Haba Yaya, a gaban mutane? Bari a sallami waɗannan, mu yi magana a gida."

Yaya bai saurara ba. Ya zaro wani ɗan maye mai ƙarfi da yake yawo da shi a aljihu, ya naɗe shi a farin hankici, ya tura cikin ƙwaryar garin da aka gama niƙa wa wata mata, ya juya. Da ya fito da shi, hankicin ya yi baƙin gemu na ƙurar ƙarfe. Ya ɗaga shi sama ya ce, "Wannan ne za ku dama wa 'ya'yanku." Mata suka yi salati. Kowace ta ɗauki ƙwaryarta, layin ya watse zuwa wani injin. Surukinmu ya dubi Yaya ya ce, "Ka tozarta ni a bakin sana'ata. Wallahi ƙafata ba ta ƙara taka zaurenka."

An sha tambayata wa ke da gaskiya. Abin da na gani shi ne, Yaya ya yi daidai a awo, domin cikin yara amana ne, kuma garin da aka riga aka niƙa ba ya jiran a koma gida. Amma nasiha tana da ladabi, kuma akwai hanyar tsayar da inji ba tare da an ɗaga hankici sama ba. Shi da kansa ya gane haka. Bayan kwanaki ya ce mini, "Goni, na iya mai da gaus tesla, amma ranar nan ban iya mai da gaskiya cikin kwanon da zuciyar Alhaji za ta ɗauka ba. Na zuba masa buhu a tiya."

Bai tsaya ga nadama ba. Ya sa wani tsohon ɗalibinsa ya nemo masa maye mai gaus dubu uku da ɗoriya, ya auna shi da kansa, ya ba ƙanwarmu ya ce, "Kai masa, kada ki ce daga ina." Ta ce, "Yaya, a garin nan wa zai aiko da irin wannan in ba kai ba?" Ya ce, "To kada ki ce, shi ma kada ya tambaya." Haka kuwa aka yi. Surukin ya ɗaura shi, mata suka komo kaɗan-kaɗan.

Na tsaya a kansu har suka riƙa yin sallama idan sun haɗu a masallaci, domin kada abin ya zama gabar da shari'a ta hana. Amma sallama ce busasshiya, kuma zauren ya haramta ga surukin. An yi suna a gidan, an ɗaura auren 'ya'yan Yaya, shi yana tsaye a waje cikin rana. Na faɗa masa ba sau ɗaya ba cewa wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga waninsa ya fi alheri, sai ya aikata alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Ya ce, "Malam, ba hatsin ne ke da nauyi ba." Ƙanwarmu ce ta fi kowa shan wahala. Takan zo ta zauna gefen tabarmata ta ce, "Malam, tsorona guda ne, kada ɗayansu ya tafi a haka. Wanda ya saura ba zai ƙara jin daɗin duniya ba, ni kuma ina tsakani."

Wani abu kuma ya zame musu al'ada, wanda ban san ko in kira shi faɗa ko zumunci ba. Mayen ƙarfe yakan raunana idan ya sha zafi da bugu, saboda haka Yaya ya ce dole a auna shi duk shekara kafin azumi. Idan Sha'aban ya raba, sai surukin ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya kamar mai shela, ya ce, "Gobe zan tafi Hamdara sayen gero, ba zan dawo ba sai la'asar!" Ƙanwarmu ta aika wa Yaya. Ya zo da ɗan akwatinsa, ya auna, ya goge mayen, ya tafi. Da la'asar maigidan ya dawo, ya tambaya yana kallon wani wuri, "An zo?" Ta ce, "An zo." Ya ce, "Nawa aka ce?" Ta faɗa masa. Ya ce, "Na me?" Ta ce, "Ka je ka tambayi mai tambayar."

Bana ciwo ya kwantar da Yaya. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya, likita ya ce a mai da shi gida a riƙa lallaɓawa. Surukin yana samun labari, amma yana ganin irin kwanciyar da aka saba ce. Da Sha'aban ya raba ya yi shelarsa, ya tafi Hamdara, ya dawo da la'asar. Ya ce, "An zo?" Ƙanwarmu ta ce, "Ba a zo ba. Ƙafarsa ba ta ɗaukarsa, Alhaji. Ko zaure sai an riƙo shi." Ta ce yana jin haka sai ya nufi ɗakin injin.

Washegari da safe ya yi sallama a ƙofata, da jakar fata a kafaɗa, mai nauyi. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, mudu goma na kaffara, tiya nawa ne a kwanonmu?"

Na ce, "Mudu huɗu sun kusa tiya guda. Goma ke nan tiya biyu da rabi. Ka cika uku, ka fita daga shakka."

Ya ce, "Sun kusa, ko sun kai?"

Na dube shi na ce, "Ashe kai ma ɗalibinsa ne." Ya sunkuyar da kai.

Muka auna geron, muka kasa shi goma, muka bi gidajen da na san ana bukata. Sannan muka nufi gidan Yaya. Da muka iso bakin zaure, ƙafarsa ta tsaya. Na shiga, na waiwaya, yana nan a waje yana gyara zaman jakarsa. Ashe mayen injin ne ya kwance ya sako a ciki, domin ya sami abin da zai ce ya kawo shi. Ƙofar zauren ta ƙarfe ce. Yana matsowa kusa da ita sai jakar ta fizge daga gefensa ta manne a jikin ƙofar, ƙau! Ya ja, ta ƙi.

Yaya yana kwance a kan katifa daga cikin zauren, inda yake so a shimfiɗa masa saboda iska. Ya buɗe ido ya ce, da 'yar muryar da ta saura masa, "Wannan ƙarar ta fi ɗari uku. A shigo da shi, da shi da mai shi."

Surukin ya ɓamɓare jakar da ƙyar, ya ɗaga ƙafar dama, ya yi bismilla ya shigo. Ya durƙusa a gefen katifar ya kama hannun Yaya, ya ce, "Yaya, na zo da laifi dubu."

Yaya ya ce, "Dubu na me?"

Surukin ya fashe da kuka, dariya tana cakuɗe da shi. Yaya ya ce, "In na gaus ne, ɗari ne kawai, ɗarin ma na yafe tun ranar. Saura nawa. Ni na ɗaga hankici a gaban mata, wannan kuwa tesla guda ce cur. Ka yafe mini, Alhaji." Ya ce, "Na yafe, duniya da lahira." Ƙanwarmu tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida tare da matar Yaya, ta rufe fuska da mayafi tana maimaita alhamdu lillahi.

Sai Yaya ya ce, "To, tunda an kawo aiki, a yi aiki. Goni, miƙo akwatin." Ciwo ya cinye ƙarfinsa, saboda haka ya sa surukin ya riƙe harshen ma'aunin, yana nuna masa inda zai ɗora da yadda zai kwantar da shi. Lamba ta fito da gaus, dubu uku da 'yan kai. Ya ce, "Mayar mini." Surukin ya ce, "Militesla ɗari uku da ɗan ɗori." Yaya ya ce, "Ka ci. Tafi da akwatin, baɗi kai za ka auna. Ka huta da zuwa Hamdara."

Daga ranar har ƙarshen azumi, a wannan zaure surukinmu yake buɗe baki, shi yake ɗago kan Yaya ya ba shi kunu. Ranar da Yaya ya cika, da hantsi, surukin yana cikin waɗanda ke gefensa muna laƙƙana masa kalmar shahada. Wannan ita ce amsar dattijon da ya yi raɗa a bayana: da ran Yaya ya shigo, ya same shi da hankalinsa, suka yafi juna.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha, surukin ya tashi ya ajiye wata tsohuwar tiya a tsakiyar tabarma. Cike take da guntayen ƙusa da allurai da waya da baƙar ƙura. Ashe tun shekarar da ya ɗaura mayen da aka aiko masa, duk abin da ya kama yana tarawa, bai taɓa nuna wa kowa ba. Ya ce, "Jama'a, wannan shi ne abin da bai shiga cikin 'ya'yanku ba. Ku yi wa wanda ya aiko da mayen addu'a." Tsohuwar Babarbariya ta leƙo daga bakin zaure ta ce, "Tiya guda, na me?" Kowa ya sunkuyar da kai.

Ya Allah, Ka jiƙan yayanmu, Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka nauyaya sikelinsa ranar da ba a tauye wa kowa ƙwayar zarra. Ka haɗa shi da iyayenmu a Aljanna. Ka ba matarsa da 'ya'yansa da ƙanwarmu da mijinta haƙuri. Wanda ya karanta wannan, Allah Ya albarkace shi da iyalinsa, Ya tsare musu abincinsu, Ya sanya albarka a mudunsu, kuma idan akwai zauren da ƙafarsa ta daina takawa, Allah Ya sauƙaƙa masa shiga tun mai zauren yana iya amsa sallama. Amin.